Ta yaya ake gane abin da ya kashe Fir'auna bayan shekara dubu uku?

Malam, ka ce ka ji labarin wasu masana sun gano abin da ya yi ajalin wani sarkin Masar da ya mutu shekara dubu uku baya, har da shekarunsa da cututtukan da ya sha fama da su, kana son sanin ko da gaske ana iya gane haka ko kuwa shaci-faɗi ne kawai. Ka kuma ɗora da batun gishirin nan da ake cewa an samu a jikin Fir'auna, wai shi ne shaidar nutsewarsa a teku. Ni aikina karanta hotunan asibiti ne, na ƙashi da na cikin jiki, kuma na daɗe ina bibiyar abin da ake yi da waɗannan gawarwaki, don haka zan amsa maka da idon mai wannan sana'a.

Ana iya ganewa, amma ba kullum ba, kuma ba duk abin da ka ji a labarai ne yake da ƙarfi iri ɗaya ba. Ni ina ɗaukar busasshiyar gawa kamar mai ba da shaida a gaban alƙali. Ba ta ƙarya, sai dai hannaye da yawa sun taɓa ta kafin ta iso gabanmu, kuma kowane hannu ya bar tabonsa. Akwai abin da ya sami mutumin yana raye. Akwai abin da ya same shi a sa'ar mutuwa. Akwai na masu gyaran gawa, da na ɓarayin kabari, da na masu tono na zamani, waɗanda wani lokaci ɓarnarsu ta fi ta ɓarayin. Rabin aikin gaba ɗaya shi ne raba waɗannan tabban, a ba kowa nasa. Wanda ya kasa wannan zai ɗora wa maƙiyan sarki laifin da Bature ya aikata a 1925, kuma an yi hakan, zan zo kansa.

Sai ka fara sanin abin da aka yi wa gawar tun farko. Sirrin Misrawa ba wani abu ba ne da ya wuce kanwa. I, kanwa, 'yar uwar wadda fatake ke kawo mana daga Manga da bakin Tafkin Chadi, ake sa wa wake da kunu. Tasu suna ɗebo ta ne daga Wadi Natrun, wani kwari a arewa maso yammacin Alƙahira, kuma gauraye take da gishiri. Sukan tsaga cikin mamacin ta gefen hagu su fitar da huhu da hanta da tumbi da hanji, su busar da su daban su sa a tuluna huɗu. Zuciya sukan bar ta a ƙirji, domin a wajensu ita ce mazaunin hankali, ita za a auna a lahira. Ƙwaƙwalwa kuwa galibi ta hanci ake fitar da ita. Daga nan a binne jikin cikin kanwa kimanin kwana 40 har ta tsotse ruwan jiki, a shafe shi da mai da narkakken danƙon itace, a naɗe da lilin ninki bisa ninki ana cusa layu a tsakani. Hidimar duka kan ɗauki kwana 70. A 1994 wasu masu bincike biyu a Amurka, Bob Brier da Ronald Wade, sun gwada wannan hanya a kan gawar wani da ya ba da jikinsa don nazari, da kanwar da suka kawo daga Wadi Natrun ɗin, kuma gawar ta bushe ba ta ruɓe ba. Amfanin gwajin shi ne mun ga da idonmu irin sauyin da kanwa ke yi wa fata da nama, don kada mu ɗauke shi ciwo.

Da can in ana son binciken gawa sai a kwance ta, wani lokaci ma a gaban 'yan kallo, kamar ana buɗe kayan lefe. Yanzu ba a yi. Na'urar siti-sikan da ka sani a manyan asibitoci ita ake sa gawar a ciki da naɗinta, ta ɗauki hotuna dubbai, kowane yanki kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, kwamfuta ta haɗa su. A 2021 likitar hoto Sahar Salim ta Jami'ar Alƙahira da masanin kayan tarihin Masar Zahi Hawass sun yi wa gawar Fir'auna Amenhotep na Ɗaya haka ba tare da an warware ko zare ɗaya ba, suka ce ya mutu yana da kimanin shekara 35, tsayinsa santimita 169, an yi masa kaciya, kuma akwai layu 30 a naɗinsa.

Shekaru ƙashi ne ke faɗa. Dogayen ƙasusuwan yaro suna da guringuntsi a bakinsu, inda suke ƙara tsawo, kuma kowanne da lokacin da yake rufewa. Haƙora ma kowanne da lokacin fitowarsa. Shi ya sa in mamaci bai wuce shekara 25 ba ana iya kusantar shekarunsa sosai, kuskuren bai fi shekara ɗaya ko biyu ba. Bayan nan sai kirdado: zaizayar haƙori, sauyin gaɓoɓin ƙugu, ƙusoshin da ke tsirowa a ƙashin baya. In ka ji an ce wane ya mutu yana da 40, ka karanta shi a matsayin tsakanin 35 da 45.

Rayuwar yau da kullum kuwa a baki take fi fitowa. Haƙoran Misrawa, talaka da basarake, a cinye suke har ƙasa, saboda yashi da tsakuwar dutsen niƙa da ke cikin gurasarsu. In haƙori ya cinye har jijiya sai ƙurji ya taru a muƙamuƙi, kuma ramin da ya bari yana nan ana gani. Tun 1910 wani likita, Marc Armand Ruffer, ya ga ƙwayayen tsutsar tsargiya a ƙodar gawarwaki biyu, ciwon nan dai na fitsarin jini da yaranmu ke ɗauka a kududdufi da bakin madatsar ruwa. A 2013 aka duba busassun gawarwaki 137 daga Masar da Peru da wasu sassa biyu na Amurka, aka sami alamar daskarewar jijiyoyin jini a 47. Wato ciwon da muke ɗora wa abincin zamani ya girme shi nesa ba kusa ba.

Ba a nan gizo ke saƙa ba. Wahalar tana wajen rauni, a gane yaushe aka yi shi. Duk maɗori ya san ƙashin mai rai yana neman haɗewa da kansa. Cikin mako biyu zuwa uku bakin karayar kan fara laushi, sabon ƙashi ya fara taruwa kamar ƙulli. In mun ga wannan, mutumin ya rayu bayan raunin. In babu, to ko dai a sa'ar mutuwa aka yi, ko bayanta. Nan sai a dubi yanayin karayar. Ɗanyen ƙashi yana karyewa kamar ɗanyen reshe, ya lanƙwashe, ya tsage a karkace, gutsattsarin su maƙale da juna. Busasshe kuwa kamar karan dawa na rani yake, ya ɓalle ƙaras, bakinsa ya fi sauran jikin haske. A gawar Masar akwai ƙarin mataimaki guda, danƙon nan da aka zuba yana narke. Duk ramin da danƙo ya kwarara ya shiga, yana nan kafin a gama gyaran gawar. Duk abin da ke yawo a saman daskararren danƙo daga baya ya zo. Riƙe wannan ƙa'ida, ita ce ta warware tambayoyi biyu a ta ƙarshe daga cikin shari'u ukun da zan kawo maka.

Shari'ar da ta fi gamsar da ni ita ce ta Ramsis na Uku, wanda ya yi mulki daga wajen 1186 zuwa 1155 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shi ne ya kori maharan nan da ake kira Mutanen Teku a shekara ta 8 ta sarautarsa, ya sa aka zana yaƙin a bangon haikalinsa na Medinet Habu. Amma ƙarshen mulkinsa bai yi daɗi ba. A shekara ta 29 ma'aikatan da ke haƙa kaburburan sarakuna suka ajiye kayan aiki saboda hatsin albashinsu ya makara, yajin aiki mafi tsufa da muke da rubutaccen labarinsa. Ba a jima ba aka ƙulla masa makirci daga cikin gida.

Labarin yana cikin wata takardar shari'a da ke ajiye a birnin Turin na Italiya. Wata matarsa mai suna Tiye, wadda ba ita ce uwar magaji ba, ta haɗa baki da fadawa da masu tsaron gidan mata da wasu hafsoshi don a kawar da sarki a naɗa ɗanta Pentawer. Rikicin kishiyoyi da 'yan uba ne tsantsa, irin wanda ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayani ba. Wasu takardun ma sun ce an yi sammu da 'yan gumakan kakin zuma. Asiri ya tonu, aka kafa kotu, aka kashe wasu, aka bar wasu manya su kashe kansu, ciki har da Pentawer. Marubucin kotun har sunayen masu laifin ya canza don a tozarta su, wani ya koma “Ra ya ƙi shi”, Ra kuwa abin bautarsu ne. Wasu daga cikin alƙalan ma aka kama su suna shaye-shaye da matan da ake tuhuma, aka yanke musu hanci da kunne. Abu ɗaya takardar ba ta faɗa a fili ba: shin an sami sarkin? Magajinsa na halal, Ramsis na Huɗu, shi ya hau gado, don haka juyin mulkin bai yi nasara ba. Fiye da shekara ɗari masana na jayayya, wasu na cewa sarkin ya tsira ya mutu daga baya.

Ga gawar kuwa tana hannu tun 1881, lokacin da aka fito da gawarwaki fiye da 40 daga wani ɓoyayyen rami a Deir el-Bahri, inda limaman zamanin baya suka tattara sarakuna don gudun ɓarayi, suka sake naɗe su suka rubuta sunayensu da tawada. Masanin tarihin Masar Gaston Maspero ya kwance ta a 1886 bai ga rauni ba. An ɗauki hoton ƙashi daga baya, shi ma bai nuna komai ba. Dalili kuwa wuyan sarkin a naɗe yake da lilin mai kauri da danƙo ya ƙame, ba a iya cirewa sai an lalata gawar, kuma hoton ƙashi na gargajiya ba ya nuna nama da kyau.

Sai a Disamba 2012 Hawass da Albert Zink da abokan aikinsu suka fitar da sakamakon siti-sikan. A ƙarƙashin lilin ɗin, ƙasa da maƙogwaro kaɗan, akwai yanka mai faɗin santimita 7, ya ratsa hanyar numfashi da hanyar abinci da manyan jijiyoyin jini har ya kai ƙashin wuya. Wanda aka yi wa wannan ba ya ƙara minti biyu. Mai shakka zai ce, to ko masu gyaran gawa ne suka yi? Amsa biyu ce. Ba a san su da yanka wuya ba a sauran gawarwakin. Kuma a cikin bakin raunin an tarar da ƙaramar laya ta idon Horus, wani abin bautarsu, wadda a aƙidarsu ta waraka ce. Ba ka sa maganin waraka a yankan da kai ka yi da gangan. Sun tarar da raunin ne, suka yi ƙoƙarin warkar da shi don lahira, suka rufe da ƙyalle. Bayan 'yan shekaru Sahar Salim ta sake duba hotunan ta ga an datse babban yatsan ƙafarsa ta hagu da abu mai nauyi kamar gatari, ba alamar warkewa, kuma masu gyaran sun yi masa wani na lilin da danƙo. Wuƙa ta baya, gatari ta gaba. Ba mutum ɗaya ne ya far masa ba.

A cikin ramin nan na Deir el-Bahri akwai wata gawa marar suna da ta daɗe tana tsorata mutane saboda bakinta a wangame yake kamar mai kururuwa. Bakin ba hujja ba ne, muƙamuƙin kowace gawa yana saki in ba a ɗaure shi ba, duk wanda ya taɓa wankan gawa ya sani. Abin lura shi ne sauran. Saurayi ne ɗan 18 zuwa 20, ba a fitar da kayan cikinsa ko ƙwaƙwalwarsa ba, an rufe shi da fatar akuya wadda ƙazanta ce a wajensu, kuma fatar wuyansa ta tattare irin ta wanda aka shaƙe ko ya rataye kansa. Gwajin DNA, wato na ƙwayoyin gado, ya nuna shi da Ramsis na Uku jinin uba ɗaya ne, kuma kusancin ya yi daidai da na ɗa da mahaifi. Biri ya yi kama da mutum. Amma ka lura da bambanci: yankan wuyan sarki abu ne da kowane likitan hoto zai gani ya yarda, sunan saurayin kuwa zato ne mai ƙarfi, domin sarkin yana da 'ya'ya maza da yawa kuma ba mu da gawar Tiye da za a gwada.

Sarki Sekenenre Tao, wanda ya riga Ramsis na Uku da kimanin shekara 400, nasa a fili yake. Kansa duk sara ne. Tun shekarun 1970 aka gwada wani rami a goshinsa da bakin gatarin Hiksos, baƙin da suka mamaye arewacin Masar, irin wanda aka tono a babban birninsu Avaris, aka ga sun dace. Hoton 2021 ya ƙara da cewa makamai daban-daban ne suka sare shi ta fuskoki daban-daban, kuma babu ko rauni ɗaya a damatsansa. Wanda aka kawo wa sara a fuska hannu yake fara kaiwa, mu a asibiti kullum muna gani. Rashin wannan, da yadda yatsunsa suka ƙanƙame, ya sa aka ce a ɗaure yake ta baya, an kama shi a fagen fama aka kashe. Na yarda da makaman, ɗaurin kuwa fassara ce mai kyau, ba ta kai yaƙini ba.

Yanzu ga wanda ya fi kowa suna kuma ya fi kowa shan ƙage, Tutankamun. Baturen Ingila mai tonon kayan tarihi Howard Carter ya gano kabarinsa a Nuwamba 1922, amma sai Nuwamba 1925 aka kai ga gawar. Danƙon da aka kwarara masa ya yi yawa har ya manne shi da akwatin zinariya. Suka shanya a rana bai narke ba. Sai likitan da ke binciken, Douglas Derry, da mataimakansa suka yi abin da yau za a kira ta'asa: suka raba gangar jikin, suka cire hannuwa da ƙafafu don fitar da kayan ado, suka cire kai, suka yi amfani da wuƙaƙe masu zafi wajen ɓamɓare shi daga fuskar zinariyar nan da ka sani. Suka jera gaɓoɓin a tiren yashi suka mayar kabari. Duk wanda ya zo bayansu a kan wannan ɓarna yake aiki.

A 1968 wata tawaga daga Jami'ar Liverpool ta ɗauki hoton ƙashi, aka ga gutsattsarin ƙashi a cikin ƙoƙon kai. Shi ke nan, labari ya bazu cewa an doke yaron sarki a ƙeya, aka yi ta nuna yatsa ga wazirinsa Ay da sarkin yaƙinsa Horemheb, tunda su suka gaje shi ɗaya bayan ɗaya. Shekara kusan 40 ana wannan zance. A Janairu 2005 aka kawo na'urar siti-sikan a mota har bakin kabarin, aka ɗauki hotuna kimanin 1,700. Ka tuna ƙa'idar danƙo. Gutsattsarin nan a sake suke, suna yawo, alhali danƙon da aka zuba cikin kan ya daskare a gefe. Da tun yana raye suka karye, da sun nutse a cikin danƙon sun ƙame. Daga baya suka ɓalle, daga ƙashin wuya na farko da gindin ƙoƙon kai, daidai inda aka yi kokawar cire fuskar zinariya. Babu dukan ƙeya. Shekarunsa kuwa sun tsaya a wajen 19.

Hoton ya fito da wani sabon abu: karaya a ƙashin cinyar hagu, dab da gwiwa, ba alamar warkewa, kuma danƙo ya shiga cikinta. Ka ga ƙa'idar da ta wanke Ay ita ce ta nuna wannan karaya ta riga gyaran gawa. Karaya mai buɗaɗɗen rauni a zamanin da babu maganin kashe ƙwayoyin cuta tana iya kai mutum kabari cikin kwanaki. Wasu cikin tawagar sun ce ba mamaki masu gyaran ne suka karya shi, amma mafi rinjaye sun tafi a kan cewa kafin mutuwa ne. Yadda ya karye kuwa, faɗuwa daga keken doki, ko farauta, ko yaƙi, duk ƙawa ce ta masu ba da labari. Har akwai masu kafa hujja da cewa ƙashin ƙirjinsa da haƙarƙarin gaba babu su, wai keken doki ne ya take shi. Amma a 1968 aka fara lura babu su, tare da wasu kayan adon da ke ƙirjin a hotunan zamanin Carter, abin da ya fi kama da aikin ɓarawo da zarto.

A Fabrairu 2010 aka fitar da gwajin DNA na gawarwaki 11 na danginsa. Sakamakon ya ce mahaifinsa shi ne gawar kabari mai lamba 55 a Kwarin Sarakuna, wadda da yawa ke ɗauka ta Fir'auna Akhenaten ce, mahaifiyarsa kuma wata ce da aka samu a kabari mai lamba 35, kuma su biyun wa da ƙanwa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. An ce yana da ciwon da ke cinye ƙashi a ƙafar hagu, aka haɗa da sanduna 130 da aka samu a kabarinsa. Sannan aka sami alamar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, mai tsananin nan da ta fi addabar mu. Jaridu suka buga cewa maleriya ce ta kashe shi.

A nan ne nake ganin mu 'yan ƙasar sauro mun fi marubutan can fahimtar abin. Je ka kowace unguwa da damina ka gwada jinin samari goma masu ƙwallo a fili, za ka sami ƙwayar a jikin wasu, kuma lafiyarsu lau. Wanda ya tashi a inda cutar take yakan sami kariya in ya wuce ƙuruciya. Gwajin nan ɗin dai ya sami ƙwayar a jikin Yuya da Tuya, kakannin mahaifinsa, waɗanda suka tsufa kafin su mutu. Samun ƙwaya daban, mutuwa da ita daban. Wasu likitoci biyu daga cibiyar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Hamburg a Jamus sun rubuto cewa irin lalacewar ƙashin ƙafar tasa ta fi kama da ta mai sikila. Duk wanda ya yi jinyar mai amosanin jini ya san yadda take cin ƙashi, kuma auren jini ɗaya yana ƙara yiwuwarta. Shawara ce mai ma'ana da ba a tabbatar ba. Ga kuma masana DNA na tsofaffin gawarwaki da suka yi tababa a kan gwajin gaba ɗaya, domin zafin Masar yana ragargaza DNA, kuma gawar da hannaye barkatai suka taɓa tun 1925 gumin mai tono ma yana iya shiga sakamako. Ra'ayina shi ne: saurayi ɗan 19, mai raunin ƙafa, ya karye a cinya kwanaki kaɗan kafin ajalinsa, raunin ya ruɓe, wataƙila zazzaɓi ya ƙara masa nauyi. Abin da ya wuce haka ƙari ne.

Saura batun gishiri. Gawarwaki biyu aka fi ambata. Ɗaya ta Ramsis na Biyu ce, wanda ya yi mulki shekara 66, aka kai gawarsa birnin Faris a 1976 don kashe funfunar da ke cin ta, aka dawo da ita a 1977. Ɗayar ta ɗansa ce Merneptah, wadda aka samu a 1898, kuma da aka kwance ta an ga farin gishiri ya kama fatarta. Gishirin gaskiya ne, akwai shi. Amma ka koma farkon bayanina: gawar da ta kwana 40 a cikin kanwa mai gauraye da gishiri dole a sami gishiri a jikinta, ko da a kan gadonsa mutumin ya cika. Nutsewa kuwa ko a sabuwar gawa tana cikin abubuwan da suka fi wahalar tabbatarwa, kuma huhu aka fi dogara da shi, shi kuma masu gyara sun riga sun cire. Abin da jikin Ramsis na Biyu ya nuna shi ne tsoho tukuf ɗan wajen 90, bayansa ya ranƙwafa da ciwon gaɓɓai, jijiyoyinsa sun daskare, ga ƙaton ƙurji a muƙamuƙi. Merneptah ma dattijo ne mai jiki, jijiyoyinsa sun daskare.

Aya ta 92 a Suratu Yunus ta yi maganar tsirar da jikin Fir'auna don ya zama aya ga na baya, amma Alƙur'ani bai ambaci sunan sarkin ba, Fir'auna kuma laƙabin sarauta ne da sarakuna da dama suka riƙe. Na'ura ba ta da hanyar nuna cewa wannan gawa ita ce ta zamanin Annabi Musa (AS), ba ta kuma da hanyar kore hakan. In Allah ya kai ka Alƙahira, su biyun suna gidan tarihi na Fustat, inda aka mayar da sarakuna 18 da sarauniyoyi 4 a Afrilu 2021. Ramsis na Uku ma yana can, lilin ɗin nan har yanzu a wuyansa.